Kunnen Dama

Noelene ta cire na'urar ji daga kunnenta, ta ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, sannan ta lumshe ido. Dabararta ke nan a duk gidan kula da tsofaffin da aka kai ta dubawa, kuma wannan na garin Toowoomba, a Ostireliya, shi ne na huɗu. Kunnen hagu ne ya mutu. Na dama, ko allura ce ta faɗi sai ya ji.

A gaban ido ai kowa mutumin kirki ne. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ta ajiye sunan maza da aka raɗa mata, ta tsaya a kan ita mace ce, don haka ta san murmushin ma'aikata kamar yunwar cikinta. So take ta ji yadda za a ambace ta in an ɗauka ba ta ji. Likita ya ce mantuwar da ta fara mata gaba za ta yi. Ƙawarta Bev, wadda ita ma irinta ce, haka ta ƙare: wata shida da shiga irin wannan gida aka aske ta, aka sa mata kayan maza, tana kuka ba ta san abin da take yi wa kuka ba. Noelene tsoro take ji, ba kaɗan ba.

Wanta Merv, wanda ya kawo ta, ya matsa kusa da ma'aikaciyar, wata 'yar Samoa mai suna Losa.

"Kin gane ai," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ƙanena ne. In kansa ya juye, a rage masa gashin nan kowa ya huta."

"Ita za a tambaya," in ji Losa.

"Ba ya ji fa."

"In ta farka sai a tambaye ta."

Merv ya ja tsaki ya fita shan taba. Hankalin Noelene ya kwanta, har ta fara lissafin bangon da za ta rataye hotunanta.

Losa tana gyara labule, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Anti, buɗe ido, shayinki na hucewa. Na karanta takardar likita. Kunnen dama lafiyarsa lau."

Noelene ta buɗe ido. Wato duk wannan don ta ji aka yi? Ta ƙare wa yarinyar kallo, ba ta tsinci komai a fuskarta ba.

"Ja'ira. Kin ɓata min tarko."

"Da na yi shiru, da tuni kin sa hannu a takardar shiga kina murna."

"To ranar da ba na ji da gaske fa? Ranar da ko sunana ban sani ba?"

Losa ta saki labulen ta juyo. "Ranar ba za ki sani ba, Anti. Ba ni da abin da zan nuna miki yau."

Noelene ta daɗe tana juya maganar, tana neman inda ƙaryar ta ɓuya. Ta jiyo takun Merv yana dawowa.

"Miƙo biro in sa hannu," in ji Noelene. "Amma ki fara rubuta cewa Merv ba shi da ta cewa a kan gashina."