Ganyen Jeruju

Nastiti na ɗaga zanen da aka lulluɓe ƙafar mahaifinta da shi, wari ya buge ta. Gyambon da ta bari a ɗan yatsa a zuwanta na baya ya ci ya kusa idon sawu, gefensa ya yi baƙi. Daga madafa tana jin mahaifiyarta na fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar ganyen jeruju, wani tsiro na bakin teku.

Ta je ta tambaye ta ina ƙwayoyin ciwon sukarinsa. Tsohuwar ba ta ɗago ba, ta ce ai tun ranar da dagaci ya karanta labarin Nastiti na jarida a gaban masallaci mahaifin nata ya ajiye su.

A jami'a a Semarang Nastiti ke aiki. Ta daɗe tana nazarin tsirran da ke rayuwa cikin ruwan gishiri, ta gano cewa don su jure gishirin suna haɗa wani sinadari mai kare ƙwayoyin jikinsu daga lalacewa. Da zancen ya faɗa hannun 'yan jarida, sai ya koma maganin kowace cuta. Kurmin itatuwan bakau na bakin teku da ta tsinko ganyen jerujun a cikinsa kuwa Pak Darsono, mahaifinta, shi ya dasa shi da hannunsa lokacin da teku ke cin garin, mutane na kiransa taɓaɓɓe.

Ta zauna bakin gadon ta yi masa bayani a hankali. A cikin kwalba ta gwada sinadarin, ba a jikin mutum ba. Ba wanda ya san ko yana warkar da wani abu.

"To ƙarya kika yi wa duniya ke nan?"

"Ba ni na faɗa ba, Baba."

"Hotonki na gani. Waɗanda suka yi mini dariya su ke zuwa roƙon ganye yanzu. In aka gan ni a asibiti, me zan ce musu?"

Ya juya fuskarsa bango. Ta dubi ƙafar, ta san ba za ta kai mako ba.

Can ta ce akwai abin da ba ta sanar da jarida ba: ganyen ba ya aiki sai an haɗa shi da allurar likita. Ƙarya ce, amma muryarta ba ta yi rawa ba, abin da ya ba ta tsoro ke nan. Ya juyo yana mata faɗa don me ba ta faɗa tun farko ba, ya ce a kira mai mota.

Likita ya ce yatsu biyu za su tafi, ƙila a tsira da sauran. Nastiti na zaune a barandar asibitin sai ma'aikaciyar jinyar da ta wanke gyambon ta matso, ta rage murya.

"Yaya, Baba ya gaya mini sirrin. Mahaifiyata na da ciwo a nono. Allurar ina da ita, ganyen kawai za ki samo mini."