Ɗorawar Iya Mero

Ni Ya'u ba na son dogon zance. Na sayi gona a Taba, takarda na hannuna, ga ɗorawa a tsakiyarta ta baje kamar gidan ubanta. Inuwarta na hana masara girma, tarakta ba ta iya juyawa. Na kira mai injin yanka itace, muka sa ranar Talata.

Sai ga saƙo wai wata tsohuwa, Iya Mero, ta ce itacen nata ne. Wai ubanta ya ba ta tun tana budurwa, da 'yan'uwanta suka sayar da gonar kuma da baki suka ce ban da ɗorawa. Da baki! Shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya.

Na tafi Hunkuyi wurin Lauya Zakiyyu, wanda ofis ɗinsa ke maƙale da shagon hatsi. Kowa ya san shi: rabin masu zuwa wurinsa da godiya kawai suke sallamarsa, shi ya sa motarsa sai an tura. Na ce ya rubuta wa tsohuwar nan wasiƙa mai zafi.

"Malam Ya'u," in ji shi, "ba na rubutu a kan abin da ban gani ba. Mu ɗauke ta ranar Talata mu je."

Haushi ya kama ni, amma na bi shi. Ashe Iya Mero idonta ya tafi, sai lalube. Muka sa ta a mota, ban ko yi mata magana ba. Lauya ya tsaya a wata gona tun ba mu kai tawa ba, ya kai ta gindin wata ɗorawar daban.

Ta shafa jikin itacen. "Haba ɗan nan, wasa kake da ni? Wannan ta gidan Hamisu ce. Kalwarta ƙanana, daddawarta ba ta ƙamshi."

Ya kai ta wata, ta ce a'a tun ba ta gama ɗora hannu ba. Da muka iso tawa kuwa, sai ta saki hannunsa ta tafi ita kaɗai. Ta jingina goshinta da ɗorawar, tana gaishe ta yadda ake gaida babba: ina wuni, ina gajiya, yaya muka ji da rana.

Muka zauna. Lokacin fure ne, jajayen ƙwallaye na lilo a samanmu, zuma na ta kuka a hankali. Iya tana nuna rassa da sandarta, ba ta kuskure: wancan ta ba 'yarta Hassana, wancan na miyar duk wadda ta haihu a unguwa ne, wancan ba a taɓa shi, na tsuntsaye ne. Muryarta na nisa tana dawowa. Wallahi ban san ko barci na yi ba, amma na ga mata da dogayen gora suna kaɗo ɗorawa, bakin yara duk rawaya, wasunsu na san sun daɗe a ƙasa.

Hannu na ji a kan nawa. Iya ce ta lalubo ni, ta zaci Lauya ne, alhali yana can gefe yana kallon sama.

"Lauya," ta ce a hankali, "na san mai takarda ya fi ni. Ka roƙar mini shi ya bari wannan furen ya nuna. In kuma zai sare, kada a faɗa mini ranar."

Kunya ta rufe ni, na kasa cewa ni ne. Nan take muka ji babur ya tsaya, mai inji ya sauko yana tambaya wace ce za a fara.

"Wane ne?" in ji Iya. "Shigo inuwa, ɗana, rana ta yi zafi."

Na tashi na tare shi tun bai ƙaraso ba, na ce ya koma, babu aiki. Da na juyo, Lauya ya riga ya shimfiɗa farar takarda a kan motarsa, ya miƙo mini biro.

"Yanzu na gani," ya ce. "Me za mu rubuta?"

Na ce ya rubuta ban da ɗorawa. Na sa hannu, Iya kuwa tana can tana tambayar wa ya kori baƙonta.