Bunsurun Tagulla

"Ba haka ake zuga ba," in ji Baba Zubi daga kan kujerarsa. "A hankali. Wuta kake hurawa, ba kaji kake kora ba."

Mai Guga ya saki zuga-zugin ya dube shi. Wai shi ake wa faɗa. Shi da ya bar tulin kayan wanki da gugar mutane a shago, ya zo tun hantsi ya durƙusa gaban murhun da ya shekara ashirin da biyu yana tsine wa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, gajera kuwa, kuma duk ranar da tsohon ya kunna wutar narka tagulla, hayaƙin igiyar shanyar Mai Guga yake nufa kamar an aike shi. Fararen rigunan da ya sake wankewa saboda mutumin nan, Allah kaɗai ya san yawansu.

Abin haushin ma, ba wani abin kirki ake ƙerawa ba. Ba ludayi, ba ƙararrawa. Kwaɗo riƙe da lema. Kunkuru da tabarau yana duba jarida. Agwagwa a kan keke ta wangale baki. Ga su nan jere a kan katako a jikin bango.

Wata biyu ke nan tsohon yana kwance. Ƙirji ya ƙi, ido ya dushe, hannu sai rawa. Likita ya ce wa 'yar tsohon ta mayar da shi gida kawai. Da safen nan tsohon ya aike ta ta kira Mai Guga, ya nuna masa wani busasshen dunƙulen yumɓu da bai wuce kan mutum ba. A ciki akwai siffar da ya yi da kakin zuma kafin ya kwanta. Sai an gasa yumɓun kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, sannan a fasa a ga abin da ya fito. So yake ya riƙe abin a hannunsa kafin ya tafi, kuma duk layin ba wanda ya san kan gawayi kamar mai guga.

"Kawu, don Allah ka ce ba ka iya ba," 'yar ta roƙe shi a bakin ƙofa. "Hayaƙin nan zai ƙarasa shi."

"Sau uku na faɗa. Baban naki yana jin magana ne?"

Ya ci gaba da zuga, gumi na shiga masa ido. Tsofaffin famfuna da makullan da suka loda a tukunyar sun fara laushi.

"Ni dai Baba, tambaya ɗaya gare ni. Me dabbobi suka tsare maka?"

"Ni ban taɓa yin dabba ba." Tsohon ya yi tari ya huta. "Kwaɗon nan mai kanti ne, dubi yadda ya kumbura wuya. Kunkurun, malamin makaranta. In ka yi mutum da fuskarsa, gaba zai yi da kai har ku mutu. In ka mai da shi kwaɗo, shi zai fara zuwa ya yi dariya, ya ce ai wane ne."

Mai Guga ya ɗaga kai ya bi katakon da ido.

"Kar ka wahalar da kanka," in ji tsohon. "Agwagwar. Kullum cikin ruwa, kullum baki a buɗe."

'Yar ta juya baya, kafaɗunta na motsi. Mai Guga ya ji kamar ya tashi ya bar musu gidan. Shi da bakinsa ya taɓa rantsewa a gaban mutane cewa agwagwar nan matar mai aski ce. Ga keken da yake kai wa mutane kaya, har karkataccen sirdin an yi, bai taɓa lura ba.

Da rana ta take, tagullar ta zama ruwa, tana walƙiya. Suka kafa yumɓun da suka gasa cikin yashi da zafinsa, bakinsa a sama.

"Saurara da kyau," in ji Baba Zubi. "In ka fara zubawa, kar ka tsaya. Ko gidanka ke cin wuta, kar ka tsaya."

Mai Guga ya damƙi tukunyar da awartaki ya karkata ta. Ruwan ya fara gangarawa, siriri, ja. Sai iska ta taso. Ta wutsiyar ido ya hango farar rigar wani mai ɗaurin aure gobe, wadda ya sa wa sitaci da asuba, ta fizge daga igiya ta hayo katanga tana neman faɗowa cikin garwashi. Bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ne ya ɗaga tukunyar. Ya kai ƙafa ya ture rigar gefe, ya dawo ya ƙarasa zubin. Duka bai fi numfashi uku ba, kuma tsohon ba ya gani sosai, don haka Mai Guga ya ɓoye zancen.

Sai da yamma ta yi abin ya huce yadda za a iya taɓawa. Kafin nan sun mayar da tsohon ɗaki, numfashinsa ya koma sama-sama. Mai Guga ya fasa yumɓun da guduma, ya kankare da wuƙa, ya goge da tsumma. Bunsuru ne, ya kishingiɗa a kujera ya harɗe ƙafafu, da ɗan gemu irin na mai gidan sak. Ƙafar gaba ta dama a ɗage take, amma a gwiwa ta ƙare, dungulmi.

Ya ɗora masa a ƙirji. Yatsun tsohon suka bi ƙaho, suka bi gemu, suka isa dungun suka tsaya.

"Ka tsaya."

"Na tsaya."

"Riga?"

"Riga ce, Baba."

Tsohon ya fara dariya, tari ya karɓe, 'yar ta tallabe masa kai.

"Kowa na layin nan na yi, saura ni. Hannu yake ɗaga muku, sallama yake yi. Ka cinye min sallama saboda riga."

"A sake mana. Gobe da sassafe zan zo, ko shagon ma ba zan buɗe ba."

"Da wane kakin? Ya narke, ɗan nan. Ba a yin biyu."

Haushi ya turnuƙe Mai Guga, na kansa da na tsohon duka.

"To kai ma me ya sa ba ka faɗa min abin da ke ciki ba? Mutum sai taurin kai. Da na sani ai da na bar rigar ta ƙone, mai ita ya je ɗaurin auren da singileti."

Ya yi ta faɗa, yana kallon bango don kada a ga idonsa. Ya jira a mayar masa da magana kamar kullum, ba a mayar ba.

"Kawu," in ji 'yar a hankali.

Ya sunkuya zai zare bunsurun don ta gyara wa mahaifinta kwanciya. Babban yatsan tsohon yana kan dungun ƙafar. Hannun ya fara sanyi, tagullar kuwa da sauran ɗuminta.