Tsallen da Ya Makara

Tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye, abu ɗaya ne yake yi da hannun damansa ba tare da an roƙe shi ba: wasan gem. Tsohuwar na'ura ce ruwan toka mai cin kaset, wadda mahaifinsu ya sayo shekara talatin da suka wuce. Likita ya ce a bar shi ya yi ta yi, don muddin yana motsa yatsun akwai sa ran hannun ya dawo, ranar da ya daina kuwa shi ke nan. An ma fara ganin alama. Cikin wata huɗu Yaya ya kai ɗan mutumin cikin wasan har rami na uku, yana tsallakewa yana dariya da rabin baki.

Sai tsohon talabijin ɗin, mai ƙaton baya, ya yi wani ƙauri ya mutu.

Auta, ƙanin Yaya, gyaran rediyo da talabijin ne sana'arsa, kuma ba ya son a ce wani abu ya gagare shi. Ya duba gawar ya ce ba ta tashi. Ya jona na'urar da filasma, sabon talabijin ɗin da ke falo, hoto ya fito a dame, ja ya shiga kore, ɗan mutumin kamar an shafa shi da tsumma. Da ya bi ta sauƙi, da ya nemo wani tsohon talabijin an wuce wurin. Amma ina, Auta ne fa.

"Ba ni sati ɗaya," ya ce wa matar Yaya. "Zan sa mata abin da zai fito da hoto tar. Sai ya ga gashin bakin ɗan mutumin nan."

"Ni dai kada ka daɗe," in ji ta. "Zaman banzan nan ba ya masa kyau."

Ya sayo wani ɗan allo kore, bai fi akwatin ashana ba, wanda ke karɓar tsohon hoto ya mai da shi irin wanda filasma ke so. Kwana uku yana sunkuye a teburin shago, tabarau a ƙarshen hanci, yana liƙa wayoyi goma sha ɗaya da dalma, kowace siririya kamar zare. Ya ƙone yatsa sau biyu. Ya cire tsohuwar kafar waya ta bayan na'urar, ya goge robar da magagari ya zaunar da sabuwa, ko alamar taɓi babu. Da ya kunna, telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya riƙe baki. Hoto ya fito tas, kowane bulo na gadar wasan ana iya ƙirga shi.

A nan ya yi kuskuren. Mai gyaran talabijin da ido yake gwada aikinsa: hoto ya tsaya, launi ya zauna, an gama. Bai ɗauki abin dannawa ya buga ko sau ɗaya ba. Dama shi bai taɓa zama ɗan wasa ba, tun suna yara ɗan kallo ne, Yaya ba ya sakin abin sai an ɗauke wuta.

Ranar da ya kai ta gida da hantsi, an zaunar da Yaya a kujerarsa an tokare shi da matashi. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ka yi aiki, Auta," ya ce, harshensa na ja. "Miƙo abin dannawa."

Ɗan mutumin ya ruga, ya iso rami na farko, ramin da Yaya ke tsallakewa ko da yana hira. Ya danna. Ɗan mutumin ya zurma. Yaya ya yi ɗan tsaki ya sake. Ya kuma zurmawa. A karo na biyar gumi ya tsattsafo masa a goshi, matarsa ta fara murza gefen zanenta.

Auta ne ya fara ganewa, kuma da kunne ya gane. Ƙarar madannin tana riga tsallen. Allon da ya sa da filasmar kowanne yana ɗan riƙe hoton kafin ya sake shi, jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa. Abin da Yaya ke gani ya riga ya wuce.

"Yaya, tsaya. Ba kai ba ne. Hoton ne yake makara."

"Hoto?" Yaya ya nuna filasmar da haɓa. "Wannan da ya fi na da kyau?"

"Wallahi aikina ne. Kawo ka gani, ni ma faɗawa zan yi."

Ya karɓa ya buga, ya zurma a ramin farko. Ya juyo da sauri kamar wanda ya kawo shaida.

"Kai dama yaushe ka iya?" in ji Yaya. Ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya. "Sati ɗaya kacal na huta, ya koma inda ya fito. Ku daina wahalar da kanku."

Abin ya ci Auta ƙwarai, har ya kasa haɗa ido da matar Yaya. Ya rufe shago ya shiga bin masu sayen tsofaffin ƙarfe, rumfa rumfa. Yawancin talabijin ɗin an riga an fasa su an zare jan ƙarfen ciki. Sai a rana ta tara ya samu wani mai rai a ƙarƙashin tarin fankoki. Ya warware wayoyinsa goma sha ɗaya, ya mai da tsohuwar kafa, ya toshe gurbin da ya goge da baƙin salatif. Wannan karon ya buga da kansa har yatsansa ya yi ciwo. Dannawa da tsalle suna tafiya tare.

A kwanakin nan Yaya ya daina motsa hannun gaba ɗaya. Yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, matarsa tana buɗe su da safe suna komawa.

Auta ya shigo da talabijin ɗin a ka yana nishi, ya jona, hoto ya fito da ɗan dishi-dishinsa irin na da. Ya durƙusa ya ɗora abin dannawa a cinyar Yaya.

"Ga shi kamar yadda ka saba. Don Allah sau ɗaya kawai."

Yaya ya kalli ɗan mutumin da ke tsaye yana jira. Auta ya ga babban yatsan ya ɗan motsa. Sai Yaya ya sa hannun hagu ya ture abin a hankali har ya zame ƙasa.

"Kashe, Auta."

"Yaya, na rantse maka wannan ba ya makara."

"Na yarda," in ji Yaya. "Shi ya sa. In na faɗa rami a wannan ma, me za ka ce mini?"

Auta ya daɗe a durƙushe, kiɗan wasan yana ta maimaita kansa, kafin ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango.