Tambaya Goma da Jiniyar Laraba

Saƙon ya shigo wayar Auta ne ranar Litinin da hantsi, tana tsaye a layin shiga laburare. Ofishin kula da jin daɗin ɗalibai ne ya aiko. Sun ce sun lura ta yi fashin darasin gwaje-gwaje sau uku a jere, kuma duk wanda ya yi fashi biyar ba ya zama jarrabawa. Suna so ta zo ranar Juma'a su ɗan tattauna. A ƙasa an maƙala fom mai tambaya goma, wai ta cike ta tura kafin ta zo.

Sau huɗu ta karanta. Maganar fashi biyar ta gane ta sarai, domin wanda bai zauna jarrabawa ba gurbinsa ya tafi, kuma gurbin nan na jami'a shi kaɗai ne abin da ita da mahaifiyarta suke taƙama da shi a ƙasar nan. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne tattaunawar. Shekara tara Auta ta yi a sansanin 'yan gudun hijira kafin a kawo su nan, kuma a cikin shekarun an ɗan tattauna da ita sau goma sha ɗaya. Ba ta taɓa tashi daga ko ɗaya ba sai an rubuta wani abu a fayil ɗinta, an buga hatimi.

Dalilin fashin kuwa ba lalaci ba ne, don yarinyar nan ko littafin da ba a ce a karanta ba karantawa take yi. Duk ranar Laraba, ƙarfe goma daidai, mai kula da ginin kimiyya yakan gwada jiniyar gobara. Daƙiƙa talatin take yi. An manna sanarwa a bakin ƙofa, kuma sauran ɗalibai ko ɗaga kai ba sa yi. To amma a garin da aka haifi Auta, in jiniya ta yi kuka, jirage ne ke tafe. Larabar farko da ta ji ta a ɗakin gwaji, ba ta san lokacin da ta shige ƙarƙashin tebur ba. Ta dai ga kanta a can, hannu biyu a ka, kwalbar gwaji ta fashe a gefenta, wani ɗalibi ya sunkuyo yana tambaya ko wani abu ta yar. Ta ce biro. Daga ranar, duk Laraba sai ta zauna a tashar bas har lokacin ya wuce, sa'annan kuwa an riga an rufe ƙofar ɗakin gwaji. Kanta ya san gwaji ne, ƙafafunta ne dai ba su iya karanta sanarwa ba.

Da yamma ta kai wa Inna maganar a ɗan kicin ɗinsu, wanda mutum biyu ba sa juyawa a cikinsa sai ɗaya ya matsa. Ba ta ambaci jiniya ba, fom ɗin kawai ta nuna. Inna ta goge hannu, ta ce a kira Yaya, babban wan Auta, wanda har yanzu yana sansani yana jiran sunansa ya fito. Aka ɗora wayar a kan firij, aka ƙara mata murya.

"Karanto mini tambayoyin," in ji Yaya.

Ta karanta. A makonni biyu da suka wuce, sau nawa kika kasa barci? Sau nawa kika ji farin ciki? Kowace tambaya da akwati huɗu, daga ko kaɗan har zuwa kullum.

"Ke Auta, wannan ai mai sauƙi ne. Mafi muni za ki zaɓa, daga sama har ƙasa. Kin manta lokacin rabon barguna? Wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, a ƙasa ya kwana. Su mutanen fom ba sa ganin mai dama-dama."

"Kul!" Inna ta ce, har da ɗaga cokali ga firij kamar yana ganinta. "Kai ka manta matar tela ta layinmu? Ta ce wa likita ba ta barci, aka cire ta daga jerin masu tafiya, wai sai an ƙara bincike. Tana can har yau. Lafiya lau za ki ce, Auta. Komai lafiya lau."

"Inna, wancan fom ɗin tafiya ne, wannan na taimako ne."

"Su suka gaya maka? Ai duk taimako suke ce masa."

Suka yi ta ja-in-ja har katin wayar ya ƙare. Auta ta zauna da wayar a hannu, kanta ya kulle. Yaya yana da gaskiya, ta ga bargunan da idonta. Inna ma tana da gaskiya, Auta da kanta ta taya matar tela kwance kayan da ta ɗaure. Kwana biyu tana buɗe fom ɗin tana rufewa. Laraba ta zo, ta sake zama a tashar bas tana kallon agogo, fashi ya zama huɗu. A nan kan bencin ne dabara ta zo mata, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ya gaji da tunani. Tambaya ta ɗaya ta bi Yaya, ta biyu ta bi Inna, ta uku Yaya, ta huɗu Inna, har ta kai goma. Ta tura, ta ji kamar ta yi wa kowa adalci.

Ranar Juma'a ta goge rigarta mafi kyau, ta ɗauki jakar ledar da suke ajiye takardu a ciki, ta isa ofishin da rabin awa kafin lokaci. A hanya tana ta bitar kwanakin wata a ranta, domin ta san doka: abin da ka faɗa bara, shi za ka faɗa bana, ko da ka tuna cewa kuskure ne.

Ɗakin kansa ya rikita ta. Babu babban tebur, babu gilashi tsakani, babu na'urar ɗaukar magana. Kujeru biyu ne masu taushi suna fuskantar juna, da ɗan ƙaramin tebur mai kwalin tishu a kai, da wata shuka a tukunya kusa da taga. Malamar da ta tarbe ta mace ce mai 'yar ƙiba, tabarau a rataye a wuya, takalminta ɗaya ma ta zare shi. Ta miƙa mata shayi. Auta ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba. Masu fara'a su ta fi tsoro, don da su ne baki ke suɓucewa.

"'Yata, duk abin da kika faɗa a ɗakin nan, nan zai tsaya," in ji Malama.

"To, Malama."

Malama ta sa tabarau, ta ɗauko fom ɗin da ta buga a takarda. Ta duba gaba, ta juya baya kamar bayanin yana can, ta sake juyowa.

"Shekara sha biyu ina karanta fom ɗin nan, ban taɓa ganin irin naki ba. Kin ce ba kya barci kullum, amma kullum cikin farin ciki kike. Ba kya iya cin abinci, amma ba kya gajiya ko kaɗan. Kullum kina cikin tsoro, kuma babu abin da ke damunki."

An kama Auta da magana biyu, laifin da ya fi kowanne girma. Ta ajiye kofin, ta zuge jakar, ta fara jera takardu a kan ɗan teburin har suka rufe kwalin tishun. Katin sansani, katin rigakafi, takardar shigowa, hoton fasfo guda shida.

"Mun bar garinmu ran sha bakwai ga wata na uku, mu huɗu. Mun ƙetare iyaka ran ashirin da biyu, mu uku. Lambar katina ta fara da..."

"Tsaya, tsaya. Ni ban tambaye ki wannan ba."

"Na asali ne duka, Malama. Kina iya ɗagawa ga haske."

"Na yarda. Amma ni ba ruwana da su."

"To wa zan kai wa?"

"Babu kowa."

"To wa zai yanke hukuncin?"

"Hukuncin me?"

Suka tsaya suna kallon juna, kowacce ta yi tsuru-tsuru. Malama ta cire tabarau ta mayar, ta sake cirewa. Daga baya ta tambaya a hankali yadda aka yi aka cike fom ɗin nan. Auta ta nemi amsar da ta dace a cikin waɗanda ta haddace, ba ta samu ba. Gajiya ta danne tsoro.

"Ta ɗaya ta Yayana ce, ta biyu ta Innata. Haka har ƙasa."

Dariya ta kuɓuce wa Malama. Ta toshe baki, sai kuma dariyar ta tsaya cak, idonta ya canza. Ta ninke fom ɗin biyu, ta tura shi ƙarƙashin tukunyar shuka.

"Mu bar wannan. Laraba da ƙarfe goma, ina kike?"

"Tashar bas."

"Wa kike jira?"

"Ba kowa. Jira nake ta gama."

"Wa?"

A duk tattaunawa goma sha ɗayan nan, an tambaye ta rana, an tambaye ta sunan gada da launin motar da ta ɗauke su, amma babu wanda ya taɓa yi mata tambayar da ba ta da haddar amsarta. Muryarta ta fito siririya.

"Jiniyar, Malama. Na san gwaji ne. Wallahi na sani, na karanta a ƙofa."

Malama ta runtse ido, ta dafe goshi. "Kai, jiniyar," ta ce, kamar da kanta take faɗa. Ta laluba takalminta da ƙafa, ta ɗauki waya, ta kira malamin gwaje-gwaje. Akwai wuri a rukunin Alhamis? Akwai. Darussa huɗun da suka wuce fa? A rama su kafin ƙarshen wata. Ta yi godiya, ta ajiye wayar. Duka-duka bai kai minti biyu ba.

Auta ta zauna tana jiran sauran. Malama ma ta zauna.

"Shi ke nan?"

"Na darasi dai shi ke nan. Na jiniyar kuwa ba ya ƙarewa a waya. In kina so, ki riƙa zuwa duk Juma'a mu yi magana. In ba kya so, babu mai rubuta ki."

"Ba za ki ba ni takarda ba? Mai hatimi?"

Malama ta buɗe durowa ta ɗaya, ta buɗe ta biyu, kamar mai fatan wani ya manta hatimi a ciki. Babu. Ta yago 'yar takarda ruwan ɗorawa mai maƙalewa, ta rubuta: Alhamis, ƙarfe biyu, ɗaki na shida. Da ta ga Auta ba ta miƙo hannu ba, sai ta sa hannu a ƙasa, har da kwanan wata. Auta ta karɓa da hannu biyu, ta saka ta tsakanin katin sansani da takardar shigowa. A cikin bas sau uku tana buɗe jakar tana dubawa. Murna take so ta yi, amma ta rasa ta inda ake farawa, kuma wani haushi yana taso mata wanda ba ta san a kan wa za ta sauke ba.

Da ta tura ƙofar gida, sai ta ci karo da jakunkuna biyu a ɗaure a bayan ƙofa, tukunyarsu a kan ɗaya. Inna na zaune a bakin gado da mayafinta, takalmi a ƙafa.

"Me suka ce?"

"An mayar da ni Alhamis. Zan zauna jarrabawa."

"Lafiya lau kika ce musu?"

"A'a."

"Na Yayanki kika bi ke nan."

"A'a, Inna. Gaskiya na faɗa."

Ta gaya mata duka, tun daga ƙarƙashin teburi har bencin tashar bas. Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi 'yar takardar, ta juya ta, ta shafa bayanta da yatsa tana neman tudun hatimi.

"Kika ce mata kina tsoro, kuma ta bar ki kika fito?"

"Har shayi ta ba ni."

Inna ta zare takalminta, ta tashi ta ɗauke tukunyar daga kan jaka, ta shiga kicin. Auta ta ji an kunna famfo, ruwa yana ta zuba, ya daɗe fiye da yadda tukunyar za ta ɗauka. Sai aka kashe.

"Auta."

"Na'am, Inna."

Ba ta leƙo ba. Daga can cikin kicin ta yi maganar, da muryar da Auta ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Ita matar nan, ɗalibai kaɗai take gani?"