Kwandon Furen Sutinah

Shekara ashirin da shida Syafril ya yi yana zagayawa da baƙi cikin kogon da sojojin Japan suka sa aka haƙa a ƙarƙashin garinsu lokacin yaƙi. Mahaƙan daga tsibirin Java aka kwaso su, ba a kuma ji wanda ya koma gida ba. A ƙuryar wani lungu akwai kafar iska mai leƙa kwazazzabo. Tun yana saurayi, ran da ya ga baƙi na hamma, ya ce ta nan ake jefa gawawwaki. Magana ta karɓu, sauran 'yan rakiya suka ɗauka, kowa ya ƙara gishirinsa.

Ana saura kwana huɗu azumi wata tsohuwa mai suna Sutinah ta iso da kwandon fure. A garinsu ba a shiga azumi sai an ziyarci kabarin iyaye an watsa masa fure, ita kuwa tana cikin uwarta aka tafi da ubanta haƙar kogon. A talabijin ta ji labarin kafar, ta kwana uku a mota.

Darwis, abokin aikin Syafril, ya zungure shi. "Malamin tarihi, kasuwa ta buɗe. Yau gawa nawa za ka jefa?"

Syafril ya juya wajen tsohuwar. Ya riƙe hannunta suka gangara.

A bakin kafar ta tuɓe takalmi, ta durƙusa da ƙyar. Ta tambaye shi da kai ake tura gawawwakin ko da ƙafa, don tana son ta zauna wajen kan mahaifinta. Kalma ɗaya ta isa ta ba ta kabari, ba kuwa mai ƙaryata shi. Amma da ya ga ta ɗaga hannu za ta soma addu'a, sai bakinsa ya riga shi.

"Iya, kafar iska ce kawai. Ni na ƙaga labarin."

Ta sauke hannunta ta dube shi. "To yana ina, ɗan nan?"

Ya ce bai sani ba, ba kuma wanda ya sani.

Ba ta zage shi ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta ƙi hannun da ya miƙa mata. Ta shiga bin lungunan ba takalmi, tana yar da furen ɗaya-ɗaya, kowane taku da salati. Lunguna sun haura ashirin. A na uku furen ya ƙare. Ta kife kwandon ta kakkaɓe, sannan ta tambayi Darwis hanyar fita.