Addu'ar da Zaituna Ta Kasa Ce wa Amin

Shekarar da rigimar Bakassi ta ɓarke, kowa a Doguwa ya zama masanin teku. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga girma ba, su ne ke zaune a teburin mai shayi suna rantsuwa cewa ko taƙi ɗaya ba za a bar wa Kamaru ba. Ka tambayi mutum Bakassin nan gabas take ko yamma, ya hau ka da faɗa. To, faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, balle wanda a rediyo ake jin sa.

Zaituna ba ta cikin 'yan kallo. Bafulatana ce mai tallar nono, rugarsu na gindin dutse a bayan gari, kuma ɗanta na fari, Buba, soja ne. Tun da ciwon bushiya ya share musu garke ya rasa abin kiwo, ya tafi Kano ya sa kaki. Yanzu labari ya zo an kwashe su an yi kudu da su. Wannan kowa ya sani. Mata kan tare ta da jaje a bakin kasuwa, ita kuwa ta kawar da kai kamar ba da ita ake ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. In ta matsu sai ta ce "wancan yaron".

Abin da ba a sani ba shi ya fi nauyi. Zaituna haifaffiyar ƙasar Garwa ce, a cikin Kamaru. Lokacin da suke zaune wajen Mubi, kafin kiwo ya jawo su Doguwa, ta haifi ɗa na biyu, Sale. Yayanta Hamman ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Ranar da aka yaye yaron, mijinta ya ɗauke shi ya ɗora a cinyar Hamman, ya ce, "Ga naka." Shi ke nan. A wajensu ɗan da aka bayar an bayar. Uwar da ta sake buɗe baki ta ce "nawa ne" ta zubar da girmanta, ta kuma ci fuskar wanda aka ba. A wancan zamanin, iyakar ƙasa ba komai ba ce a idonsu, wani dutse ne a daji da shanu ke soshe jiki da shi. Sale ya girma a Garwa, ya yi boko da Faransanci, yana kiran ta Goggo. Ita ma in zancensa ya taso "ɗan yayana" take cewa, har bakinta ya saba. Zuciyar ce dai ta ƙi sabawa.

Ranar wata kasuwa, wani dillalin shanu mutumin Mubi, wanda ya san danginta, ya tsaya shan nono a gabanta. Bayan sun gaisa da Fillanci ya ce Hamman na gaishe ta, yana kuma neman a taya shi da addu'a, don Sale ya shiga soja tun bara, su ma an tura su bakin teku. Zaituna ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da zuba masa nono har ya cika ya malala a hannunsa ba ta lura ba.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, liman ya ɗaga murya a lasifika ya yi wa ƙasa addu'a. Mata masu talla a bakin masallaci suka ɗaga hannu, har da Zaituna. Ya ce Allah ya tsare sojojinmu, ta ce amin da dukkan zuciyarta. Ya ce Allah ya karya abokan gaba, ya mayar da harsashinsu kansu, ya sa kada ko ɗaya ya koma gida. Gari duka ya ɗauki amin, ita kuwa bakinta ya ƙi buɗewa. Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba: in ta ce amin ta yi wa Sale baki, in ta ƙi cewa kuma tana ganin kamar ta janye hannu daga kan Buba.

Turai mai ƙosai, ƙawarta ta shekaru, ba abin da ke wuce idonta. Ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke da ɗanki ke can, ke ce ba ki ce amin ba? Ko jinin Kamarun ne ya motsa?"

Wasa take yi, don kullum haka suke, Turai na kiran ta 'yar Faransa, ita tana kiran Turai Kaɗo mai ƙaurin mai. Amma yau Zaituna ba ta rama ba. Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ce, "Gobe ki raka ni wajen Malam."

Washegari da hantsi suka isa zauren Malam Abdussalami, dattijon da ke karantarwa a unguwar su Turai. Zaituna na riƙe da kaji biyu an ɗaure musu ƙafa. Suka durƙusa daga bakin tabarma suka gaida shi, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, sannan ya dubi kajin.

"Inna, kaza ɗaya ma ai ta yi yawa. Me ya kawo biyu?"

"Allah gafarta Malam, mutum biyu ne."

Malam ya gyara carbinsa. Al'adarsa ce in zai yi wa wanda ba ya nan addu'a sai an faɗa masa sunansa da na mahaifiyarsa. Ya tambayi na farko. Zaituna ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Turai ta yi dariya.

"Malam, ai ka san halinsu, ko da wuƙa ba za ta faɗa ba. Buba ne, ɗan Zaituna. Sojan nan."

"Allah ya tsare Buba. Na biyun fa?"

"Sale," in ji Zaituna. "Yana Garwa. Shi ma soja ne, amma na can."

Turai ta daina dariya. Malam bai ɗaga kai ba, ya dai ce bawan Allah bawan Allah ne ko'ina yake. Sai ya tambayi sunan mahaifiyarsa.

Sunan matar Hamman na nan a bakinta, shi ya kamata ta faɗa, shi duk danginta za su faɗa. Amma ta tuna wannan suna ba wurin mutane za a kai shi ba. In ta ba da na wata, tana tsoron addu'ar ta tafi ta rasa mai ita. Ta roƙi gafarar yayanta a zuci.

"Zaituna," ta ce, da ƙyar aka ji.

Turai ta buɗe baki za ta gyara mata, tana zaton ba ta ji tambayar ba. Da ta ga fuskarta sai ta fasa, ta matso ta kama hannunta ta riƙe. Kunyar wasan jiya ta kama ta har ta kasa haɗa ido da kowa.

Malam ya ajiye carbinsa. Shi ma jiya yana sahun gaba, ya kuma ce amin da ƙarfi.

"Inna," ya ce a hankali, "me kike so a roƙa musu?"

"Rabon su da ganin juna tun suna ƙanana, Malam. Ko a hanya suka gamu ba za su gane juna ba. Tun ranar da aka tafi da ƙaramin, ban taɓa sallame salla ban roƙi Allah ya haɗa fuskokinsu ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ina tsoron kada a ce yanzu ne za a karɓa. Ka roƙa mini a dakata."

Malam ya ɗaga hannuwa. Ya roƙi Allah ya nesanta 'ya'yan Zaituna da juna, ya sa ruwa da daji a tsakaninsu har a ajiye bindiga. Zaituna ta riga Turai cewa amin.